Wata na Goma Sha Uku

Biyu saura na dare, Ƙofar Ƙaura ta yi tsit.
Daga ƙugin inbata a ƙarƙashin tebur
sai ni, sai allon da ya rikiɗe ja.

Kwana goma sha biyu yana kore,
har na fara sakin jiki da shi.

Aikina ba shi da suna a gidanmu.
Inna tana ce wa maƙwabta gyaran kwamfuta nake,
na bar ta a haka.
Ta ina zan fara ce mata
na hori na'ura ta harhaɗa manhaja kowane dare,
ta sa sassan su gaisa,
ta kawo mini ƙarar wanda ya ƙi amsa sallama?

Sashen Mannir lafiya lau, in shi kaɗai ne.
Na Hindatu ko ƙwarzane babu.
Haɗuwar ce rigima.
Nasa na rubuta rana kafin wata,
nata na karanta wata kafin rana.
Tun ɗaya ga wata suke gaisawa, kowa da nufinsa,
sai yau, sha uku,
nata ya fita neman wata na sha uku a shekara
ya dawo hannu rabbana.

Manhajar ta wani kantin magani ce a Ƙofar Guga.
Kwanan da suka saɓa a kansa
shi ne ranar lalacewar maganin tarin yara.

Makon jiya Bishir ya ce, kashe gwajin nan mana,
minti arba'in yake ci mana kullum.
Ban tanka ba.
Na tuna kakana, mai yaɓe ne,
bayan damina yakan bi katanga da tafin hannu.
Ya ce tsaga ba ta farawa a cikin tubali,
a mahaɗa take.
Ba a neman sunansa sai bango ya faɗi.

Na gyara layi uku.
Na ƙara gwajin da zai juya agogon na'ura
zuwa sha uku ga wata kowane dare,
kada mu sake jiran kalanda ta tona mana asiri.
Na danna. Na jira.
Shayi ya huce, sauro ya samu rabonsa a ƙafata.

Da kiran assalatu allon ya koma kore.

Anjima za su shigo, su leƙa, su wuce,
Bishir ya ce, ka gani, ba abin da ya faru jiya.