Riga Mai Lamba Sha Tara

Ni ne mai wankin rigunan ƙungiya
a wannan gari na tsofaffin masaƙu,
arewacin Ingila, inda ruwan sama
ba ya neman izinin kowa kafin ya sauka.
Shekara talatin ina kankare laka daga takalma,
nakan san ƙafar yaro kafin in riƙe fuskarsa.

Ran Litinin aka ce in buga lamba.
Na ɗora ƙarfe mai zafi, na danna,
haruffa biyar suka kwanta a gadon baya: TADEO.
Ɗan Boliviya, shekara ashirin,
jaka ɗaya, hoton uwa a aljihu,
da wata ƙafar hagu
da ta sa koci ya tuɓe hula ya sosa sanƙo.

Likita ya latsa gwiwa, ya ce garau.
Ya saurari ƙirji, ya ce na ingarma.
Sai aka hau bene wajen Noreen.
Ita ba ta auna ƙafa,
maki take ƙirgawa, sha biyar ake nema.

Wasa nawa ya buga wa ƙasarsa?
Ƙasar ma tana ina a jerin ƙasashe?
Can gindi.
Gasar da ya fito fa? Aka taɓe baki.
Ta haɗa da fensir, ta goge, ta kuma haɗawa,
kamar mai laluben kwabo a hujajjen aljihu.
Sha biyu.

Takardar ba ta da gurbin rubuta
cewa a kan dutse ya koyi gudu,
inda iska ke rowa, yaro ke rayuwa da rabin numfashi.
Ba ta tambayi watanni huɗu na karaya ba,
su ne suka cinye mintunansa.

Kwana tara yana otal bayan tashar jirgin ƙasa.
Da hantsi yakan zo ya kama waya,
yana kallon atisaye ta ramukan shinge,
ƙafarsa na motsi ita kaɗai a cikin ciyawa.
Ga ƙoshi, ga kwanan yunwa.
Nakan miƙa masa shayi a murfin fulas,
shi kuma da yarensu yana kirana kawu.

Daren tashin kasuwa, sha ɗaya ake rufe ƙofa.
Lauya ya ɗaukaka ƙara,
wasu mutane a Landan suka zauna
kan yaron da ba su taɓa jin warin zufarsa ba.
Saura minti goma tarho ya yi kuka.
Noreen ba ta ce uffan ba,
tabarau kawai ta cire ta ajiye.

Kafin agogo ya buga mun sayi wani,
ɗan gida, ninki uku na kuɗin,
fasfonsa ne ya fi ƙafarsa tsada.
Yaron kirki ne, ban ƙi shi ba,
amma hagunsa ta hawa bas ce.

Tadeo an tura shi Beljiyam,
ya je ya yi zubin maki kamar adashi.
In ya cika, manya za su ɗauke shi
da kuɗin da zai sayi filinmu har da fitilunsa,
mu kuma mu gan shi a talabijin ɗin mashaya,
mu ce ai ya taɓa shan shayinmu.

Da safe aka ce in ɓare sunan.
Na sa zafi, na ja da farce,
harafi bayan harafi suka fita,
sai inuwarsu ta ƙi tashi.
Na wanke sau uku.

Tana nan a ƙasan loka, ƙarƙashin safuna.
Noreen ta gan ta jiya,
ta shafa wurin da babban yatsa,
ta ce, "Alwyn, uku fa kawai."
Na ce na sani. Na kunna injin wanki.