Kukan Minti na Uku

A shagona na bayan kasuwar Garwa,
inda rediyoyi ke kwance ciki a buɗe kamar kifin da aka feɗe,
na sa kaset ɗin Kawu Barkindo.
Babu suna a jikinsa, sai shekara da biro, tamanin da ɗaya,
da tabon manja a gefe.

Ganga ta fara, jita mai kauri ta bi ta a sannu,
ƙahon tagulla ya yi tari sau biyu,
sai a minti na uku abin ya shigo.
Ba goge ba ne, ko da yake ya iya kuka.
Ba algaita ba ce, babu mai numfashin da zai kai can.
Siriri ne, mai maiƙo,
yana hawa bai taka matakala ba,
ya lanƙwashe a sama,
ya sauko da 'yar makyarkyata a wutsiya.

Na mayar da zaren baya da biro.
Na sake. Na sake.
Mai shayin gefe ya leƙo: "Wai iska kake kira?"

Na kai wa Taiwe, mai fiyanon coci a Yelwa.
Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa ɗaya.
"Saurara, ba ya faɗin biyu a lokaci guda.
Maƙogwaro ɗaya gare shi, kamar ni da kai.
Cire na zamani daga lissafi, su bakinsu goma.
Wannan tsohon sinte ne.
Ko Mug, ko kishiyarsa Arf."

Adum, direban Injamena, ya dafa ƙirji a kan Arf:
"Mug kunun gyaɗa ne, kauri gare shi.
Wannan tsinin allura ne, na ji irinsa a Mursal."
Suka ja, suka ja,
har shayi ya huce, ƙuda ya faɗa.

Goggo Dudu ce ta raba gardamar, tana tsince shinkafa.
"Akwatin nan da yake yi wa fifita kamar jariri?
Ni ban samu fifitar ba.
Yana otal ɗin bakin Binuwai, bashi ya riƙe shi."

Ƙarƙashin karyayyun kujeru na same shi.
Gara ta ci gefen katakon,
ɓera ya yi gida tsakanin wayoyi,
madannai uku sun faɗi kamar haƙoran tsoho.
Na goge ƙura da hannun riga, ga sunan nan.
Taiwe ya ci.
A hagu ƙananan tayoyi biyu,
ɗaya ta siɗe, ta yi gurbin babban yatsa.

Mako uku ina bin sa da dalma da tsohon buroshi.
Da sanyin safiya na ba shi wuta.
Ya yi magana, tas, tsaf, daidai,
muryar baƙo mai ladabi.
Ba shi ba ne.
Na zauna ina kallon sa kamar wanda aka ba canjin da bai cika ba.

Na manta ban kashe ba.
Ƙarfe biyu ta yi, kwanon rufi ya fara ƙara,
wuta ta yi ƙasa, fanka ta gaji.
Na taɓa madanni ɗaya,
sai sautin ya soma zamewa,
zafi na jan sa gefe kamar ruwa da kwalekwale.
Na sa yatsa a gurbin da ba nawa ba,
na tura, ya zame, na tura,
sai ga makyarkyatar nan.

Ashe kokawa Kawu yake yi da ranar Garwa,
mu muna nan muna cewa ado ne.

Taiwe ya karɓi biro, ya rubuta Mug a bayan kaset.
Goggo Dudu ta juya shi, ta kai kusa da ido.
"Wannan sunan akwati ne," ta ce.
"Ƙara: watan Maris, bayan azahar.
Kuma bai ci abinci ba ranar."