Babu Jiniya

Shekara goma sha ɗaya jiniya ce ke kirana.
Ana sallame asuba a Ƙofar Ƙaura
na ɗaure igiyar takalmin aiki,
na tsaya gaban tanderu
inda rodi ke fitowa jawur, yana huci.
Foman Rabe ba ya magana sau biyu.
In awonka ya kauce da ƙwayar gero
ƙarfen da kansa zai faɗa maka.
Ga sa hannunsa nan a bayan hannuna na hagu.

Yau alli nake riƙewa,
allo kuwa bai taɓa ƙona kowa ba.
In na yi kuskure, ɗalibai tamanin za su kwafe shi
da kyakkyawan rubutu, har su ja masa layi.
Ba mai duba agogona.
Takardun darasina sun yi ruwan ƙasa,
shekara bakwai ina ɗumama miya ɗaya,
ina barbaɗa mata labarin masana'anta,
suna dariya daidai inda 'yan bara suka yi dariya.

Sai wata Laraba, Murja daga layin baya:
"Malam, famfon unguwarmu mai aiki da hasken rana,
me ke tsayar da shi da azahar,
alhali a lokacin rana ta fi ƙarfi?"
Na gyara zaman gilashi.
Na ce tambaya ce mai kyau.
Na ce lokaci ya ƙure.
Da sauran minti ashirin.

A daren tuwo ya ƙi wucewa.
Na kwanta ina jiran wani ya daka mini tsawa,
ya ce, "Kai, koma ka sake awo!"
Rabe ya daɗe da kwanciya dama.
Shugaban sashe sakamakon jarrabawa kawai yake jira.
Ashe kujerar foman tana nan ba kowa,
ni kuma ina ta kewaya ta ina gaishe ta.

Ranar Asabar na ajiye mota nesa,
na taka zuwa shagon Mannir a Ƙofar Marusa,
yaron da na taɓa kayarwa sau biyu a lissafi.
Ya miƙe zai ba ni benci.
Na ce zauna, yau kai ke da allo.
Ya buɗe akwatin na'urar da sukundireba:
fanka ta toshe da gidan zanzaro,
ga shi an kafe ta ƙarƙashin kwano, ba iska.
"Malam, zafi ne ke hana ta numfashi.
Tana kashe kanta ne don kada ta mutu."
Na rubuta a bayan rasit ɗin mai.
Hannuna ya yi baƙi har gwiwa,
tabon nan ya yi ƙaiƙayi kamar ya gane gida.

Na sayi littafi mai bangon kwali,
irin wanda muke rubuta lafiyar injuna a ciki.
A shafin farko na sa sunana a gurbin inji.
Ranar da aka duba shi: na bar wurin fili.
Abin da ya lalace: shafin bai isa ba.

Litinin na shiga aji da akwatin a kafaɗa.
Na ce, "Murja, ranar Laraba lokaci bai ƙure ba.
Ni ne ban sani ba."
Ajin ya yi tsit, har ana jin babura a hanyar Dutsin-ma.
Na miƙa mata sukundireba.
Ta kwance noti na farko, ya faɗi, ya gangara,
mutum goma suka durƙusa nemansa,
har da ni.

Yanzu ƙarfe huɗu da rabi nake tashi.
Ba jiniya.
Fitila ce, da shayi, da babi ɗaya mai tauri
wanda jiya ya kayar da ni,
yau kuma mun sake gamuwa.