Madubi a Harobanda

Ƙarfe sha ɗaya na dare na rufe ƙofa,
ba ta ƙarfen ba, waccan Zabairu ke gadinta,
wannan da ba ta da makulli sai kalma.
Injuna huɗu a ɗakin sanyi
suna gunaguni kamar tsofaffin da aka tasa daga barci.

Madubi muke ce musu.
Abin da wani ya rubuta a ƙasar da ban taɓa takawa ba
yakan kwana nan, harafi bisa harafi,
don ɗalibin Maraɗi ya ɗebo a kusa,
kada kuɗin katinsa su ƙare wajen ƙetare teku.
Aikin madubi guda ne: kada ya ƙara, kada ya rage.

Da la'asar labari ya iso.
Manhajar da ke kai da kawo tsakaninmu,
ƴar aiken da shekara bakwai ba mu leƙa jakarta ba,
ashe da ƙwaro a cikinta.
In ta gamu da suna mai doguwar jela
sai ta gatsi ƙarshen fayil, ta haɗiye,
ta ce an daidaita, lafiya lau.
Kwana tara tana yi mana barka da ƙarya.

Na tuna rumbun kakata a Kalfu:
daga waje cike taf,
ka zura hannu, gari da ƙwanso.

Na sauke tsohuwa, na ɗora sabuwa,
inji bayan inji.
Na ukun ya yi taurin kai,
kuran kuma ya zaɓi lokacin ya ɗauke.
Cikin duhu na ƙirga numfashina har sha bakwai
kafin gurup ya yi tari ya kama.
Zabairu ya miƙo shayi ta tsagar ƙofa.
"Madubin naku ya fashe ne?"
Na ce a'a, ƙarya ya koya.
Ya ce, "To gara fashewar."

Kowane fayil da zanen yatsansa.
Dubu ɗari biyu na jera, ina gwadawa,
sittin da ɗaya suka fito da rauni.
Sittin na sake ɗebowa daga mafari,
ɗaya ba shi da mafarin da ya wuce mu:
ɗan aikin marigayi Mushe Tanimun,
wanda ya koya wa allon na'ura
lanƙwasa wuyan ƙa da ɗa da ɓa.
Layinsa arba'in na ƙarshe
duk madubai huɗu sun haɗa baki sun manta.

Sai Tawa ta faɗo mini.
Can akwai na biyar, gurgu,
batirinsa ya kumbura, sati biyu a kashe.
Sau uku ina yi wa Basira faɗa a kansa.
Ƙarfe uku na buga mata, kunya na cin kunnena.
Kada ki haɗa shi da layi, na ce,
tashe shi shi kaɗai, kamar mai jinya.

Ta hau kabu-kabu da fitilar hannu.
Ta karanto mini zanen, lamba lamba,
zakaran maƙwabta yana sa mata baki:
bakwai, fa, sifili, sifili, tara...
Har wutsiya bai kauce ba.
Wanda bai je taro ba
shi kaɗai bai ji jita-jita ba.

"Zan sa a kile, in ba direban motar safe," in ji ta.
"Sai kuma a aiko batir."

Da kiran assalatu na buɗe ƙofa.
Baƙon farko daga Dosso yake, ya ɗiba ya tafi,
bai san an yi komai ba.
Na tura babur bisa gada, idona na yaji.
Ƙarƙashina kogi ya ɗauki fitilun Yamai
yana karkaɗa su yadda ya ga dama,
wani masunci kuma ya tsaga su biyu da jirginsa.