Walƙiya Mai Tsawon Ɗan Yatsa

A bayan Tsohuwar Kasuwa, inda layin masu walda ya ƙare,
nan shagon babana yake,
Haliru mai gyaran talabijin.
Masu ƙeya ya sani, irin na da.
Ga su nan jibge har rufin kwano,
masu su sun sayi shafaffu, sun manta hanya.

Na ce, Baba, walƙiya nake so
in nuna wa 'yan ajina ranar Talata,
na gaji da zana ta da alli.
Bai yi dariya ba.
Ya ce, "Luba, jawo waccan ta Alhaji Modi.
Shekara tara bai zo ɗauka ba,
ba shi ko zuwa, Allah shi jiƙan shi."

Ya buɗe bayanta kamar mai fiɗa,
ya fara sa sukudireba ya zubar da wutar da ba ta nan.
Kunama, in ji shi, ko ta mutu a kiyayi ƙarinta.
Ya ciro fulaibak, baƙi, mai jar wutsiya,
ƙafafunsa jere kamar jinjirin wata.
Ya ɗauko cok na doguwar fitilar
da ta daina kamawa a masallacin layi,
ba mai nauyin nan ba, na zamani,
mai ɗan allo kore a ciki.

Mita a hannu, ƙafa biyu-biyu yake taɓawa,
yana neman waɗanda naɗi ɗaya ya haɗa,
kamar mai tambayar dangi a garin baƙunta.
Dalma ta narke. Ƙuda ya sauka, ya tashi.
Muka kunna.
Shiru.

"Cok ba shi aiki sai ya ji fitila gabanai.
To, mu ruɗe shi."
Ya liƙa kafasita ƙarama kamar ƙwayar aya,
ya tsaya kan busasshen katako,
hannun hagu cikin aljihu,
ya kore ni har bakin ƙofa.

Kafin in ga komai sai na ji kuka,
siriri, ya fi na sauro,
yana shiga ta haƙori.
Sannan ta fito.
Shunayya, tana rawa tsakanin waya da waya,
tsawonta bai wuce ɗan yatsana ba,
tana huci, tana miƙewa in ya ja sandar roba,
ta tsinke, ta sake kamawa.
Shagon ya ɗauki wani ƙamshi
kamar hadari ya taso daga Kwalkwalawa,
alhali watan azabar zafi ne,
ko gajimare ɗaya babu a Sakkwato.

Ya ce, "Kin ji kukan?"
Na ce na ji.
Ya ce, "Shekara talatin da shi nika gane mai rai da matacce.
Yanzu kunne ya aje aiki. Sai dai in gani."

Aka ɗauke wuta.
Muka zauna cikin duhun kwano, zufa na zuba,
zanenta kore yana yawo a idona.

Can ya ce ba zai ba ni ita ba.
Shi zai kai ta da kansa,
yara su zauna bayan layin alli, taku biyar,
kada wadda ta miƙo hannu.
Sai ya tambaya, yana kallon wani wuri,
ko an wanke farar rigarsa.