Kukan Inji a Tambo Kemado

Ƙarfe huɗun asuba a Patakamaya,
sanyi ya daskarar da ruwan bokiti.
Na zagaya motar da guduma a hannu,
ina ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya bayan ɗaya,
ashirin da biyu, kowace da muryarta.
Mai ƙoshin iska takan amsa da ƙarfi,
mai yunwa ta amsa ciki-ciki.
Haka ubana Nemesio ya koya mini:
"Wara, taya ba ta ƙarya,
direba ne ke ƙin saurare."

Na zaro sandar baƙin mai, na goge da tsumma,
na mayar, na sake zarowa.
Na leƙa lagireto.
Na tsiyaye ruwan da ya kwana a tankin iska,
don birkin da aka yi wa rowar minti biyu
a tsakiyar gangare yake ramuwa.

Tan ashirin da takwas na waken suya a bayana,
tamfol a ɗaure, igiya ta ɗame.
Arika na can ƙasa a bakin teku,
amma kafin teku sai an hau sama,
inda iska ke ƙaranci har inji ya riƙa haki
kamar tsoho a kan matakalar bene.
Dutsen Sahama na kallona da farin kansa,
garken lama na tsallaka titi ba gaggawa,
ganyen koka a kumatuna, ɗaci-ɗaci,
yana korar barci daga idona.

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi a wannan kujera.
Har yanzu katifarta na riƙe da siffarsa,
sai na cusa bargo kafin ƙafata ta kai kulos.
Hannunsa ya fara rawa a kan sitiyari,
ranar nan ya ajiye makulli a kan tebur,
kusa da kwanon miyata, bai ce komai ba.

A layin iyaka, Tambo Kemado,
motoci sun kai ɗari, kowa ya kashe fitila.
Nan na ji shi,
wani siririn kuka a ƙarƙashin rurin inji,
kamar ɗan tsako a cikin kasuwa.
Na buɗe kan mota, na haska tocila,
ban ga ɗigo ba, ban ga hayaƙi ba.
Wani direba, Sabino, ya ce, "Sanyi ne, manta da shi."

Na kira gida.
"Kanga wayar a bakin inji," in ji Baba.
Na kanga, yatsuna na ƙagewa.
"Taka totur kaɗan. Saki. Sake takawa."
Shiru, sai numfashinsa daga Oruro.
"Bel ɗin fanka ne, ya fara tsagewa ta ciki.
Duba ƙarƙashin gadon kwana, cikin tsohuwar safa,
na ajiye sabo tun kafin ki iya juya sitiyari da hannu ɗaya."

Yana nan. Da sifana mai lamba sha bakwai,
naɗe a jaridar da ta yi ja don tsufa.

Minti arba'in ina kwance a kan tsakuwa,
noti ya ƙi, na lallashe shi, ya yarda.
Tsohon bel ya fito, zare uku suka rage masa,
zare uku tsakanina da gangaren Putire.
An ce kunne ya girmi kaka,
ni dai na ga kunnen da ya fi tocila gani.

Da rana ta fito aka buga mini hatimi.
Na sa giya ta uku, na ƙi taɓa birki,
na bar inji ya riƙe nauyin da kansa,
kwana bayan kwana, sannu, sannu,
har ƙamshin gishiri ya shigo ta taga.

Wayar na kan kujerar gefe, ban kashe ba.
Ya ce yana son ya ji yadda take sauka.