Bargon Ƙyallaye

Ɗanlami tela na Ƙofar Marusa
ya ce shara ce, in kwashe.
Na kwaso: atamfa, shadda, bakin leshi,
har da guntun rigar makarantar Nafi.

Zomo na nufa.
Almakashi ya zarce,
wuya ya miƙe, shuɗi da ruwan ɗorawa,
sai ga raƙumin dawa yana leƙen katanga.
Na ƙyale shi. Ba awo, ba takarda.

A ƙafa ta huɗu ƙyalle ya ƙare,
na yanko daga tsohon zanen Inna.

Daren jiya jikana ya lulluɓa,
ya damƙe ƙafar nan a tafinsa,
wai tana ƙamshin turaren wuta.
Na kashe fitila,
ban ce komai ba.